Zare a Fiffiken Tattabarun Babana

Makarantar da nake koyarwa rufin kwano gare ta, kuma tattabarun maƙwabta sun mayar da shi majalisarsu. Duk sanda aka kaɗa ƙararrawa sai su tashi gaba ɗaya, fiffike na tafi kamar an gama jawabi. Yara ko kai ba sa ɗagawa. Ni kuwa, mai karatu, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ban taɓa jin wannan ƙarar ba tare da na fara ƙirga a zuci ba. Sai na kai goma sha ɗaya nake tuna cewa alli ne a hannuna, kuma aji ni yake jira.

A Ƙofar Guga na tashi, a gidan da kowa ke kira gidan Kofur. Kofur ɗin kakana ne, mahaifin babana, mu kuma Baba Tsoho muke ce masa. Ya yi yaƙin Boma a ƙarƙashin Turawa, ya dawo da igiya biyu a damtse da lambobi huɗu a ƙirji da kunne ɗaya da ba ya ji. Ƙanensa ya tafi yaƙin basasa, can aka binne shi. Babana kuma, da aka tura rundunarsu Saliyo aikin kwantar da tarzoma, sai ya kwaso mu daga bariki, ni da Umma, ya ajiye mu wurin iyayensa. Baba Tsoho yakan ce duk yaƙin da aka yi sai an aiko gidanmu an karɓi mutum guda, kamar jangali.

Shi ya koya mini tarihin ranar tunawa da 'yan mazan jiya tun kafin littafi ya koya mini, kuma nasa ya fi na littafi gishiri. Ya ce a zamanin Turawa ran sha ɗaya ga watan sha ɗaya ake yin ta, da ƙarfe sha ɗaya, domin a sa'ar nan ne bindigogi suka yi shiru a yaƙin Jamus na farko. A maƙala jan fure a riga, a ƙame, a yi tsit. Da muka yi namu yaƙin na gida, ya ƙare ran sha biyar ga Janairu, sai aka mayar da ranar can. "Mun samu 'yanci," in ji shi, "mun samu matattun kanmu, to me za mu yi da ranar aro?" Duk da haka, in watan sha ɗaya ya kama, za ka gan shi a zaure shi kaɗai ya ƙame na ɗan lokaci, yana kallon bango. Liman ya taɓa ce masa shiru ba addu'a ba ne. Ya ce ya sani, a cikin shirun yake yin addu'ar, don Bature bai taɓa binciken abin da soja ke faɗa a ciki ba.

Abin da ya haɗa gidanmu da ranar ya wuce lambobi. A ƙarshen bikin, bayan an busa begila an ajiye furanni gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, akan saki fararen tattabaru, wai alamar zaman lafiya. To, tattabarun nan na babana ne. Tun yana saurayi yake kiwonsu a tukwanen da ya rataye jikin katangar gabas, guda goma sha biyu farare tas kamar auduga. Kowace shekara Baba Tsoho yake ba ƙungiyar tsofaffin sojoji aronsu, ni kuma in ɗauki kwandon a ka in bi shi. A sake su gaban manya, a yi tafi, su kewaya filin sau biyu, su miƙe yamma. Kafin mu iso gida suna bakin kaskonsu suna shan ruwa. Na daɗe ina tsammanin haka zaman lafiyar ƙasa yake, a nuna shi da hantsi, kafin azahar ya koma gidan mai shi.

Ranar da babana zai tafi, bai yi wa mahaifiyarsa doguwar sallama ba, ita ma ba ta ɗago ta dube shi ba. Ɗan farinta ne, kuma Kaka mutuniyar da ce, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Tana zaune tana kaɗi da mazarinta, don ita kaɗai ta rage a unguwar da ke kaɗa zare da hannu. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ga tsuntsayen nan, a riƙa zuba masu gero. Su ma sun san hanyar gida, balle ni." Ta ce, "Allah shi tsare." Shi ke nan sallamar.

A Janairun ƙarshe na mulkin soja, bikin ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Tsofaffi suka yi fareti da baki bushe. Aka saki goma sha biyu, goma sha ɗaya suka dawo. Baba Tsoho ya ce shaho ne, ba yau aka fara ba. Kaka kuwa har aka sha ruwa tana tsakar gida, fuska sama. Bayan Sallah da 'yan makonni sojoji biyu suka yi sallama da takarda. Ni aka miƙa wa, don ni ce 'yar bokon gidan, ina aji shida. Takardar ta ce tun faɗan da aka yi a babban birnin Saliyo ba a ga babana ba, ana kan bincike. Ba ta ce ya mutu ba, ba ta ce yana raye ba. Na karanta ta sau uku ina neman layin da na tsallake, babu.

Ka san abin da Kaka ta fara tambaya bayan sun tafi? Ta ce, "An zuba wa tsuntsaye ruwa?" Daga ranar ta karɓi kiwon daga hannuna. Matar da kunya ta hana ta tambayi labarin ɗanta sai ta koma tambayar tattabaru, safe da yamma, wace ce ba ta ci ba, wace ce ta yi lakwas. Idonta ya yi rauni, don haka ni ke ƙirga mata. Sun yi 'ya'ya a shekarar, amma ba ta sa su a lissafi. Nata goma sha ɗaya ne, waɗanda hannunsa ya taɓa.

Da bazara ta ƙare farar hula suka karɓi mulki. Gari ya cika da hotunan masu babbar riga, kowa na cewa kakarmu ta yanke saƙa. Mu abu ɗaya muka ji a rediyo, cewa sabuwar gwamnati za ta dawo da sojojinmu daga Saliyo. Damina ta sauka, lambatun unguwa ya cika, ganuwa ta yi kore, mu muna jira. Aka yi girbi muna jira. Duk sanda aka ce wani rukuni ya sauka, Baba Tsoho zai goge lambobinsa da toka da lemun tsami, ya hau bayan ɗan acaɓa zuwa bariki. Masu gadi sukan sara masa, su ba shi benci, su ce ya dawo jibi. Ya bi waɗanda suka dawo har gidajensu, a Kambarawa da wajen Gobarau, da hoton babana a aljihu. Wani ya ce ya gan shi a bakin gada. Wani ya ce a'a, wancan ɗan Funtuwa ne. Wani kuma ya riƙe hoton yana kallo har matarsa ta zo ta karɓe, ta ba mu haƙuri.

Umma fa? A lokacin ban lura da ita sosai ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu. Tana daka, tana wanki, tana kai wa surukanta tuwo da ladabi. Ba ta sa kwalli don kada a ce ba ta damu ba, ba ta kuka don kada a ce ta yi wa mijinta fatan mutuwa. Mata in sun shigo sukan rasa gaisuwar da za su yi mata, ta jaje ko ta ta'aziyya, sai su ce "ya jiran?" Ta ce, "Da godiya." Na dai san tana daɗewa a makewayi, ta fito ido ja, ta ce sabulu ne.

Cikin azumi na gaba Baba Tsoho ya je wurin malamin unguwa. Malam ya ce wanda ya ɓata a fagen yaƙi, aka bincika ba a ji ɗuriyarsa ba, shekara ake jira, daga nan matarsa ta shiga takaba. Shekara kuwa ta zo cika. Bayan Sallah da kwana biyu, da hantsi, Baba Tsoho ya tsaya tsakar gida ya faɗa da irin muryar kurame, wadda maƙwabta ma sai sun ji. Ya ce in an gama bikin sha biyar ga wata, washegari zai shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi addu'a, a yi sadaka.

Kaka ta ajiye mazari. Ta ce, "Ba za a kai tsuntsayen ba bana."

"Na riga na faɗa wa mutane. Shekarar farko ta farar hula, a ce Kofur ya janye?"

"Bara ka kai sha biyu, ka ga abin da ya biyo baya."

"Wanga camfi ne, kin kuwa sani. Kina da carbi a hannu kina duba da tsuntsu?"

Ta san camfi ne. Mace ce mai tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai ta ce, "To ka kai su. Amma ka yi mani alkawari. In duk sha ɗayan suka kwana gidan nan, ba tabarma, sai an ƙara shekara." Ina jin don ya kashe maganar ne ya ce ya ji. Ta ce ya faɗa da bakinsa. Ya faɗa.

Ranar bikin, bayan sallar asuba, Baba Tsoho yana masallaci, Kaka ta tashe ni. Sanyi har cikin ƙashi. A hannunta akwai ƙullin farin zaren da ta kaɗa, siriri, mai ƙarfi. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ya koya maki yadda ake ɗaure baƙuwa ko?"

Babana ya koya mini. In ka sayo sabuwar tattabara, sai ka haɗa dogayen gashin fiffikenta guda ka ɗaure da zare, ta yadda za ta yi tafiya, ta ci, ta sha, amma ba za ta tashi ba, har ta saba da gida. In fiffiken na naɗe ba mai ganin zaren. Nan take na gane lissafin Kaka, kuma kada ka ce ban san abin da nake yi ba, shekarata goma sha biyu, ni ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Tsuntsun da bai tashi ba shaho ba ya ɗaukarsa. A kwando zai tafi, a kwando zai dawo. Babana zai ƙara shekara guda a raye. Kaka na riƙewa, ina ɗaurewa, zuciyar kowace na bugawa a tafin hannuna kamar ƙaramin agogo.

Filin ya cika. Ga sojoji cikin kaki mai sitaci, ga tsofaffi irin su Baba Tsoho a layinsu, wasu da sanda, wani da hannun riga a naɗe inda hannu ya kamata ya kasance. A rumfa kuwa, inda muka saba ganin hular soja, bana babbar riga ce da bajon tunawa maƙale a ƙirji. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Aka busa begila, aka yi tsit, aka harba bindiga. Babban baƙo ya ajiye furanni. Sai mai sanarwa ya ce yanzu za a saki tattabarun zaman lafiya. Baba Tsoho ya taka da faretinsa, na bi shi da kwando, ya ce mini a hankali, wato da ƙarfi, "Amarya, buɗe."

Na buɗe. Babban baƙo ya ɗauki ɗaya ya cilla sama yana murmushi. Ta buga fiffike ɗaya, ta juya, ta faɗo a kan takalminsa. Sauran suka fito daga kwandon a ƙasa, suka shiga yawo tsakanin ƙafafun manya suna tsince-tsince kamar kajin gidan biki. Wani hafsa ya yi ta kora su da hula. Daga bayan igiya wani ya ɗaga murya, "Su ma sun yi ritaya!" Wani ya ce, "A'a, jiran alawus suke!" Dariya ta ɓarke, har masu begila.

Wani tsoho, abokin Baba Tsoho tun Boma, ya sunkuya ya kama ɗaya, ya buɗe fiffiken, ya miƙa masa. Baba Tsoho ya kai zaren kusa da ido. Shekara hamsin yana sa rigar da aka saƙa da irin wannan zaren, ba ya buƙatar a gaya masa hannun da ya kaɗa shi. Ya dube ni. Na jira mari, ko tsawa. Hafsan ya zaro 'yar wuƙa ya ce, "Baba, kawo a yanke, a sake su." Na kama gefen rigar Baba Tsoho da hannu biyu.

Ya ce, "Bari, ranka shi daɗe. Ba su da lafiya."

Mutumin da ya haura tamanin, da lambobi huɗu a ƙirji, ya durƙusa gaban rumfa yana bin tattabaru da rarrafe yana sawa a kwando, ana dariya. Ni ma na durƙusa. Bai yarda mun hau acaɓa ba, a ƙasa muka tako har Ƙofar Guga. Da muka shiga ya dire kwandon gaban Kaka ya ce, "Ƙirga mata." Na ƙirga. Goma sha ɗaya. Ya cire lambobinsa ya zuba a gwangwanin da yake ajiye su, ya ce, "Kin ci. Ba tabarma." Bai sake zuwa faretin ba har ya bar duniya.

Mun ci, amma gidan bai yi kama da gidan da aka ci nasara ba. Kaka ta ƙi a kwance zaren. Da dare ta sa su a kwando a ɗakinta, da rana su yi ta yawo a tsakar gida, suna ɗaga kai suna kallon tukwanensu da ba sa iya kaiwa. Farin ya fara komawa ruwan ƙasa. Aka yi mako, aka shiga na biyu.

Wata safiya Kaka na watsa masu gero, Umma ta bar wankinta, ta goge hannu a zane, ta zo ta durƙusa gefenta. A tsawon zamansu ban taɓa jin ta fara yi wa surukarta magana ba. Ta ajiye reza a kan tabarma tsakaninsu.

Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Shi fa bai taɓa barin zare ya wuce kwana bakwai ba. Yakan ce in ya wuce haka, ba kiwo kake ba, gidan yari ka buɗe."

Kaka ta ce, "Aure kike so?"

"Wallahi ba aure nike so ba, Inna. So nike in yi mashi kuka a tsakar gida, mutane su shigo su ce mani ya haƙuri. Shekara guda ina kukan mijina a makewayi kamar ɓarauniya. Ke ma ban taɓa jin kin yi ba."

Kaka ta miƙa hannu kan tabarmar. Sannan ta lalubi rezar. Ta ce in miƙo mata ɗaya. Da yatsa take neman zaren, ta yanke, ta shafa fiffiken, ta buɗe hannu. Ta farko ta faɗa kan katanga ta tsaya tana mamaki. Da ta yanke ta ƙarshe suka tashi gaba ɗaya da wannan tafin nasu, suka haye rufin maƙwabta. A nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba, na ji Kaka ta kira sunan ɗanta, cikakke, sau ɗaya, da ƙarfi, har Baba Tsoho da kunnensa guda ya fito daga zaure. Ta ce masa, "Fiddo tabarmin."

Babana bai dawo ba, kuma ba a taɓa aiko mana da ko maɓallin rigarsa ba. Umma ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta zauna da tsofaffin har ta rufe idon kowannensu. Gidan yanzu an raba, katangar gabas ta zama shagon cajin waya. Bikin kuma yana nan, ina ganinsa a talabijin kowace shekara, furannin sun ƙara girma, layin tsofaffin ya ƙara gajarta, 'yan Boma kam babu ko ɗaya. A aji nakan rubuta wa yara ranar a allo, su haddace don jarrabawa, in ce su tashi mu yi shiru na minti ɗaya. Su suna ƙunshe dariya, ni ina yin abin da Baba Tsoho ya ce Bature bai taɓa bincikawa ba.

Wata yarinya mai wayo, da na ba su labarin nan bara, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to da yamma guda nawa suka dawo?" Na ce mata ban sani ba. Ta ɗauka rowar amsa nake yi. Gaskiya na faɗa mata. Da la'asar ɗin ranar mun ji saukarsu a kan tukwane, na miƙe don in ƙirga kamar kullum, sai Kaka ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni. Ta ce, "Bar su. Je ki zuba masu ruwa."